Aman Wutar Duwatsu da Tarihin Ƙasar Hausa: Daga Duwatsun Daura zuwa Yunwar Kakalaba

Babu dutse mai aman wuta a birnin Katsina, babu kuma a kewayensa. Duk wanda ya fita ta Ƙofar Durbi, ko Ƙofar Sauri, ko Ƙofar Ƙaura, abin da zai tarar shi ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigawa da gonakin gero da dawa, sai ɗaiɗaikun duwatsu can nesa. Ganuwar birnin ma da ƙasa aka gina ta. Wannan ya sa mutane da dama ke ɗaukar aman wuta a matsayin bala'in da ya shafi Indunusiya ko Italiya ko Kwango, wanda ake gani a talabijin, a yi addu'ar neman tsari, a wuce. Sai dai binciken masana kimiyyar duwatsu ya nuna cewa aman wuta yana da hannu a abubuwa uku da suka shafi rayuwar Bahaushe kai tsaye: duwatsun da ke ƙasarsa, ma'adinan da ya daɗe yana fatauci da su, da kuma ruwan daminar da yake jira kowace shekara.

Yadda dutse ke aman wuta

Ƙasar da muke takawa ɓawo ne siriri a kan duniya. Kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi yakan kai kilomita 30 zuwa 50, a ƙarƙashin teku kuwa kimanin kilomita 7 ne. Ƙarƙashin wannan ɓawo akwai dutse mai tsananin zafi, wanda ke motsi sannu a hankali, 'yan santimitoci kaɗan a shekara. A inda nauyin da ke danne shi ya ragu, ko ruwa ya ratsa shi, sai wani sashe nasa ya narke. Narkakken dutse ya fi daskararre rashin nauyi, don haka yakan nemi hanyar hawa sama ta kowace tsaga da ya samu. In ya iso sarari, shi ne ake cewa dutse ya yi aman wuta. Zafinsa a lokacin yakan kama daga digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos.

Narkakken dutse iri biyu ne, kuma duk matar da ta taɓa tuƙa tuwo ta san bambancinsu. Talge in yana da ruwa-ruwa, tafasa yake yi a hankali, tururi na fita ba tare da wahala ba. In ya yi kauri sai ya riƙe tururin, ya kumbura, ya fashe, ya fallatsa wa na kusa. Haka narkakken dutse mai ruwa-ruwa yakan malala kamar kogi, in ya huce ya zama baƙin dutsen da masana ke kira basalt. Mai kauri kuwa yakan tsare iskar da ke cikinsa har sai ta fashe da ƙarfi, ta watsa toka da tsakuwa sama. In irin wannan mai kauri bai samu fitowa ba, ya huce a ƙarƙashin ƙasa, shi ne yake zama giranit, dutsen da ake fasawa a yi kankare da shi.

Manyan ambaliyar narkakken dutse

Aman wutar da ake gani a labarai ƙarami ne in an kwatanta shi da wanda ya auku a wasu zamunna na tarihin duniya. A 'yan lokuta ƙalilan, ƙasa ta tsage tsawon ɗaruruwan kilomita, narkakken dutse ya yi ta kwarara na dubban ɗaruruwan shekaru, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ya rufe yanki mai faɗin ƙasashe. Masana ba sa sanya wuri a wannan rukuni sai faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 100,000.

Mafi muni a cikinsu ita ce ambaliyar Saibiriya ta ƙasar Rasha, kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce. Narkakken dutsen ya ratsa ta cikin shimfiɗun kwal da gishiri da farar ƙasa, ya ƙona su, ya cika sararin samaniya da iskar kabon da ta farar wuta. Duniya ta yi zafi, ruwan teku ya yi tsami kuma ya rasa iskar shaƙa. Kusan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka ƙare. Ba a taɓa samun halakar halittu mai girman wannan ba. A cikin ragowar waɗannan duwatsu ne Rasha ke haƙar nikel da faladiyom a garin Norilsk.

Ta biyu ta shafi Afirka ta Yamma. Kimanin shekara miliyan 201 da suka wuce, lokacin da nahiyoyin duniya ke haɗe wuri guda, ƙasa ta fara tsagewa a inda tsakiyar Tekun Atilantika yake a yau. Narkakken dutse ya bazu a yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 10. Ragowarsa na nan a Maroko, da Mali, da tsaunukan Futa Jallo na ƙasar Gini, da Barazil, da gabashin Amurka. Wannan ma ya zo daidai da wata babbar halakar halittu, wadda ta share fage ga manyan dabbobin nan da ake kira dainaso suka mamaye doron ƙasa.

Ta uku ita ce ta Dekkan a Indiya, shekara miliyan 66 da suka wuce, wadda har yau duwatsunta ke rufe da kimanin murabba'in kilomita 500,000, kaurinsu a wasu wurare ya kai kilomita 2. A daidai wannan zamani ne wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a gaɓar Meziko, dainaso suka ƙare. Yawancin masana na ɗora alhakin halakar a kan faɗowar dutsen, wasu kuma na ganin aman wutar Indiya ya riga ya raunana halittu kafin nan. A nahiyarmu, tsaunukan Habasha, inda Shuɗin Nilu ya samo asali, tulin basalt ne da ya kwarara kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce.

Jerin zobba daga Abzin zuwa Binuwai

Yawancin duwatsun da matafiyi ke gani a ƙasar Hausa ba su taɓa aman wuta ba. Kufena na Zariya, da Kwatarkwashi na Zamfara, da duwatsun da ke kewayen Dutsin-Ma da Funtuwa, giranit ne da ya daskare can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wasu tsofaffin nahiyoyi suka yi karo da juna. Zaizayar ƙasa ce ta tono su. Dala ta Kano kuwa tudu ne mai marmara, wadda maƙeran farko suka riƙa samun tama a cikinta.

Akwai wani rukunin dabam. A 1911, masanin duwatsu J. D. Falconer, a littafinsa kan duwatsun Arewacin Nijeriya, ya bambanta tsohon giranit da wani wanda ya fi shi ƙuruciya, wanda kuma a jikinsa ake samun kuza. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa wannan sabon giranit yana fitowa ne da siffar zobe, kuma zobban sun jeru daga arewa zuwa kudu tsawon fiye da kilomita 1,000: daga tsaunukan Abzin a arewacin Agadas, su bi ta Damagaram da Muniyo, su shigo Nijeriya ta Dutse da Shira da Ningi da Riruwai, su bi ta Jos, su ƙare a tsaunukan Afu na Jihar Nasarawa. A Nijeriya kaɗai sun haura 50.

Kowane zobe saiwar wani ƙaton dutse mai aman wuta ne da ya mutu. Narkakken dutse mai kauri yakan taru a wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. In ya fashe ya amayar da abin da ke ciki, sai rufin ɗakin ya rasa madogara, ya rufta, ya bar ƙaton rami mai kama da kasko. Sauran narkakken dutsen sai ya cika tsagar da ta kewaye ramin, ya daskare a can. Bayan miliyoyin shekaru ruwa da iska sukan cinye saman dutsen, zoben ya bayyana. Wanda ke Meugueur-Meugueur a Abzin faɗinsa ya kai kilomita 65, yana cikin mafiya girma a duniya. A Ningi da Riruwai har yanzu ana ganin daskararriyar toka da duwatsun da suka fito sarari a lokacin fashewar.

Abin mamaki a nan shi ne jerin shekarunsu. Na Abzin sun haura shekara miliyan 400. Na Damagaram da Muniyo suna tsakanin miliyan 330 da 260. Na Dutse kimanin miliyan 213 ne, na Riruwai da Jos sun kusa miliyan 170, na Afu kuma miliyan 141. Wato wutar ta yi ta tafiya kudu sannu a hankali. Wasu masana sun ce nahiyar Afirka ce ta riƙa gusawa arewa a kan wani wuri mai zafi da ke ƙarƙashinta, kamar yadda ake gusa fata a kan fitila. Wasu kuma sun ce tsofaffin tsagogin da ke cikin ɓawon ƙasa ne suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Rabon Jihar Katsina a wannan jeri yana ƙasar Daura, tafiyar kimanin kilomita 80 daga birnin Katsina. A 1974 masana biyu, D. C. Turner da P. K. Webb, suka wallafa bincike a kan duwatsun wannan yanki, inda suka nuna cewa su ne mahaɗa tsakanin zobban Nijeriya da na kudancin Nijar. Waɗannan duwatsu ba su da tsayin na Jos, rairayi ya binne mafi yawansu, amma asalinsu ɗaya ne. Su ne ragowar aman wuta mafi kusa da Ƙofar Durbi. Wannan jeri bai kai girman ambaliyar Saibiriya ko ta Indiya ba, kuma ba a danganta shi da wata halakar halittu. Muhimmancinsa yana cikin abin da ya bari a ƙasa.

Kuza da yuraniyom

Yayin da giranit ɗin zobban ke hucewa, ruwa mai zafi ɗauke da ƙarafa ya riƙa bi ta tsagoginsa yana ajiye kuza da kwalambait da tutiya. Daga baya zaizaya ta kwashe su zuwa cikin ƙoramu. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Riruwai, wadda ake kira Liruwen Kano, a Ƙaramar Hukumar Doguwa ta yau, suna wanke yashi su tace kuza, su narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwannin Kano da sauran birane. Daga baya wasunsu suka koma Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suka ci gaba da sana'ar. Ganin wannan haja a hannun fatake ne ya sa kamfanin Niger Company ya aika masu bincike a 1902 da 1903, suka bi sawunta har tsaunukan Jos.

Abin da ya biyo baya ya sauya fasalin Arewa. An shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos, ya fara aiki a 1914, aka rufe shi a 1957. Dubban Hausawa suka kwarara filin kuza, wasu leburori, wasu 'yan kasuwa, wasu malamai, suka kafa unguwanni a Jos da Bukuru da Barikin Ladi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa lardunan Arewa kawo leburori, mutane da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. A 1943 haƙar kuza ta kai ƙololuwa, kimanin tan 17,000 a shekara, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait. Ɗaruruwan kududdufan da aka bari a Filato ba a cike ba su ne tabon wannan zamani.

A Nijar, gadon ya zo ta wata fuska. Tokar da duwatsun suka amayar tana ɗauke da yuraniyom. Ruwa ya wanke ta, ya kai ta cikin yashin da ya taru a yammacin Abzin, ta tattaru a can. Masana na ganin wannan ne asalin ma'adinan Arlit, inda aka fara haƙa a 1971, da na Akokan, wanda ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021. Takaddamar da ake yi a yau tsakanin Yamai da Faransa kan wannan arziki, a kan tokar aman wuta ake yin ta.

Rabuwar nahiyoyi da tekun Sakkwato

Lokacin da wutar zobban ke mutuwa a Afu, wata ta fara a kudu. Kimanin shekara miliyan 134 da suka wuce, basalt ya malale yankin da a yau rabinsa ke kudancin Barazil, rabinsa kuma a Namibiya, alamar cewa Afirka da Kudancin Amurka sun fara rabuwa. A inda gaɓar Neja Delta take, tsagar ta rabu gida uku. Biyu suka buɗe suka zama Tekun Atilantika ta Kudu. Ta ukun ta nufi arewa maso gabas, ta buɗe kaɗan, ta tsaya. Ita ce kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000. Da ta ci gaba da buɗewa, da teku ce ta raba Nijeriya biyu. A cikin wannan kwari ake samun gishirin Awe da Keana, da dalma da tutiya na Abakaliki da Zurak, da farar ƙasar simintin Ashaka, da kuma man fetur na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Nuwamban 2022.

A wannan zamani aman wuta a ƙarƙashin teku ya yi yawa ƙwarai. Sabon ɓawon teku mai zafi yakan kumbura, ya rage zurfin tekun, ruwa ya malalo kan nahiyoyi, kamar yadda ruwan randa ke tumbatsa in an jefa dutse a ciki. Masana da yawa na ganin wannan ne ya sa, tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa 50 da suka wuce, teku ta riƙa shigowa ta Sahara tana komawa, har ta rufe yankin Sakkwato da Tawa. Ƙasusuwan kifaye da kadoji da kunkurun teku da ake tonowa a kewayen Wurno da Dange shaida ne. Ɓawon ƙananan halittun wannan teku ne ya zama farar ƙasar Kalambaina da ta Malbaza, wadda ake yin siminti da ita.

Wutar baya-bayan nan da Tafkin Nyos

Aman wuta bai tsaya a wancan zamani ba. Tudun Biu a kudancin Borno shimfiɗar basalt ce mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 5,000, wadda ta kwarara cikin shekara miliyan 5 na baya-bayan nan, kuma Tafkin Tila da ke can bakin dutse ne da ruwa ya cika. A Filato akwai tsaunuka masu siffar malfa a Panyam da Kerang cikin Ƙaramar Hukumar Mangu, da Tafkin Pidong. Dutsen Wase, wanda ya miƙe sama kamar turmi, daskararren maƙogwaron wani dutse ne da jikinsa ya zaizaye. Ƙasar da basalt ke bari in ya ruɓe tana da albarka, ita da sanyin tudu ne suka sa dankalin Turawan da ake saukewa a kasuwannin Katsina da Kano yake fitowa daga wannan yanki.

Babu tarihin da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu na Nijeriya ya yi aman wuta a idon mutane. Girgizar ƙasar da aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumban 2016, da ta Mpape a Abuja a Satumban 2018, ba aman wuta ba ne. Inda wutar ke raye shi ne Kamaru. Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000. A daren 21 ga Agusta, 1986, Tafkin Nyos, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse, ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ta gangara cikin kwaruruka babu ƙara babu hayaƙi, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan Tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta irin wannan hanya. Daga 2001 aka fara kafa bututun zuƙe iskar daga Nyos. Ruwan tafkin yana gangarowa ne zuwa Kogin Katsina-Ala, wanda ke ratsa jihohin Taraba da Binuwai, kuma fargabar ɓallewar bangonsa ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar Kashimbila, wadda ke samar da lantarki megawat 40.

Alhazai ma sun san irin wannan ƙasa. Baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina basalt ne. A shekara ta 654 bayan Hijira, daidai da 1256, wuta ta fito kudu maso gabashin birnin, narkakken dutse ya yi ta malala har kwana 52, ya ci tafiyar kilomita 23, ya tsaya 'yan kilomitoci kafin ya iso gari. Ibn Kasir ya ba da labarin wannan wuta a cikin Al-Bidaya wan-Nihaya.

Aman wuta da daminar Sahel

Hanyar da aman wuta ya fi taɓa mazaunin Katsina a yau ita ce ta sama. Babbar fashewa takan harba iskar farar wuta zuwa tsayin kilomita 20 ko fiye, inda babu ruwan sama da zai wanke ta. A can takan zama wani siririn hazo da ke mayar da hasken rana, ya kan kuma ɗauki shekara ɗaya zuwa uku kafin ya washe. Bayan fashewar Pinatubo a Filifin ranar 15 ga Yuni, 1991, zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri. Fashewar Tambora a Indunusiya a Afrilun 1815, zamanin da Ummarun Dallaje ke sarautar Katsina, ta sa amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka a 1816. Aman wutar Laki a Aisland a 1783 ya zo daidai da ƙarancin cikar Kogin Nilu da mummunar yunwa a Masar.

Daminar ƙasar Hausa ta dogara ne ga iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atilantika ta nufo arewa, tana bin inda zafi ya fi yawa. In hazon aman wuta ya taru a arewacin duniya, wannan ɓangare yakan yi sanyi fiye da kudanci, sai iskar damina ta kasa hawowa yadda ta saba. Garuruwan da ke bakin iyakarta, irin su Katsina da Daura da Maraɗi da Damagaram, su ne ke fara ji a jika. A 2013, Jim Haywood da abokan aikinsa na hukumar nazarin yanayi ta Birtaniya suka duba alƙaluman ruwan sama daga 1900 zuwa 2010, suka gano cewa uku daga cikin damuna huɗu mafiya fari a Sahel sun biyo bayan manyan aman wuta a arewacin duniya.

Biyu daga cikin waɗannan fashewa suna da alaƙa da shekarun da dattawa ba su manta ba. A ranar 6 ga Yuni, 1912, dutsen Novarupta da ke yankin Katmai na Alaska ya yi fashewar da ta fi kowace girma a ƙarni na 20. A 1913 damina ta gaza a ƙasar Hausa, a 1914 aka shiga yunwar Kakalaba. A Maris da Afrilun 1982 dutsen El Chichón na Meziko ya fashe, a 1983 da 1984 Sahel ta ga fari mai tsanani, dabbobi suka ƙare, mutane suka yi ta ƙaura daga Nijar zuwa biranen Arewa.

Wannan ba ya nufin dutsen Alaska ne kaɗai ya kawo Kakalaba. Zafin ruwan teku da wasu dalilai suna da tasiri a kan damina, kuma fari daban, yunwa daban. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita cikin masarautar Katsina, ya nuna a littafinsa Silent Violence na 1983 cewa harajin kuɗi na Turawa, da komawar manoma ga gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa Kano, da raunin tsarin rumbunan ajiya, su suka mayar da ƙarancin ruwa ya zama mutuwar jama'a. Aman wuta yana iya rage ruwa. Yawan waɗanda za su halaka kuwa ya danganta ga abin da ke rumbu da abin da hukuma ta tanada.

Abin lura ga 'yan kasuwa da ma'aikata

Fa'idar wannan ilimi ita ce yana ba da lokaci. Tauraron ɗan'adam na iya auna yawan farar wutar da dutse ya harba cikin 'yan kwanaki, a kuma san ɓangaren duniyar da hazon ya nufa, watanni kafin faɗuwar damina. Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ko Jibiya ko Mai'aduwa, da jami'in aikin gona da ke karanta hasashen hukumar NiMet, da mai kula da rumbun gwamnati, duk suna da dalilin sa ido in aka ce wani babban dutse ya fashe a Alaska ko Aisland ko Meziko. Binciken Haywood ya kuma yi gargaɗi kan shawarar da wasu ke bayarwa ta a riƙa fesa farar wuta a sama da gangan don rage ɗumamar yanayi: in aka yi haka a arewacin duniya kaɗai, Sahel ce za ta biya da fari.

Darasi na ƙarshe yana cikin duwatsun Saibiriya. Abin da ya halaka halittu a can shi ne iskar kabon da ta taru a sama fiye da yadda teku da tsirrai za su iya shanyewa. A yau, iskar kabon da ɗan'adam ke fitarwa ta hanyar ƙona kwal da fetur da gas ta haura tan biliyan 35 a shekara, fiye da ninki 60 na abin da dukkan duwatsun duniya masu aman wuta ke fitarwa. Wannan ne ya sa masu nazarin sauyin yanayi ke komawa ga tarihin manyan ambaliyar narkakken dutse, domin a nan ne aka ga abin da ya faru da duniya a lokutan baya da iskarta ta sauya da sauri.